Maguɗi, horon 'yan wasa da ikon kwamishina a gasar NFL: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa ta FIFA yakan ɗauka ko'ina akwai kwamitin ladabtarwa, sama da shi kwamitin ɗaukaka ƙara, can ƙarshe kuma kotun wasanni ta Lausanne. A gasar ƙwallon ƙafar Amurka ta NFL ba haka tsarin yake ba. Yawancin igiyoyin a hannun mutum ɗaya suke haɗuwa, kuma 'yan wasan da kansu ne suka sa hannu a kan hakan.

Wane ne kwamishina, kuma wa ya ɗora shi?

Masu kulob 32 na gasar ne suke zaɓensa, su ne suke biyansa, su ne kuma za su iya sauke shi. Roger Goodell ne a kan kujerar tun 2006. Kafin shi Paul Tagliabue ya riƙe daga 1989, Pete Rozelle kuma daga 1960. To ka ga ba alƙalin gwamnati ba ne, ba kuma ɗan ba-ruwanmu ba ne. Ma'aikacin masu kulob ne da aka ɗora wa tsare mutuncin kasuwarsu, kuma duk wata rigima da za a ambata a ƙasa daga nan take samo tushe.

Tsoron caca ne ya haifar da wannan iko. Bayan badaƙalar sayar da wasa ta 1919 a ƙwallon besbol, masu kulob na can suka ɗauko alƙali Kenesaw Mountain Landis suka ba shi wuƙa da nama. NFL ta bi sahu. Gab da wasan ƙarshe na 1946 aka gano an yi wa 'yan wasan New York Giants biyu, Frank Filchock da Merle Hapes, tayin cin hanci, kwamishina Bert Bell ya dakatar da su. Daga nan ne ma aka fara tilasta wa kowane kulob ya bayyana 'yan wasansa da suka ji rauni kafin wasa, don kada labarin ya zama hajar da 'yan caca za su saya a ɓoye.

A ina aka rubuta ikon nasa?

A kan 'yan wasa, yana cikin yarjejeniyar ƙwadago tsakanin NFL da ƙungiyar 'yan wasa ta NFLPA, Sashe na 46. Sashen ya ba shi damar cin tara ko dakatar da duk wanda ya aikata abin da zai zubar da mutuncin wasan ko ya sa jama'a su daina amincewa da shi. Ba a lissafa laifukan ɗaya bayan ɗaya ba, kuma da gangan aka bar ƙofar a buɗe. Kwantiragin kowane ɗan wasa ma yana ɗauke da amincewa da wannan iko.

A kan kociyoyi, manajoji da masu kulob kuwa, kundin tsarin mulkin NFL ne yake aiki. Su ba su da ƙungiyar ƙwadago, shi ya sa hukuncin koci ba ya daɗewa ana jayayya a kansa.

Duk laifi kwamishina ne yake yanke hukuncinsa?

A'a, kuma nan mutane da yawa suke ruɗewa. Hanya huɗu ce.

Laifin cikin fili, kamar dukan kai da hular kwano ko faɗa, ofishin kula da wasanni ne yake yanke tara ko dakatarwa. Ƙarar kuma tana zuwa gaban tsofaffin 'yan wasa ko kociyoyi da NFL da NFLPA suka naɗa tare. Sa'ad da Myles Garrett ya cire hular Mason Rudolph ya buga masa a ka a Nuwamba 2019, James Thrash ne ya saurari ƙararsa, ba Goodell ba.

Ƙwayoyi suna da tasu yarjejeniyar, kuma tun 2014 masu raba gardama na waje ne suke jin ƙarar gwajin da ya nuna ƙwaya.

Halin ɗan wasa a wajen fili, irin su dukan mata, cin zarafi da riƙe makami ba bisa ƙa'ida ba, ya samu sabon tsari a yarjejeniyar 2020. Jami'in ladabtarwa da ɓangarorin biyu suka zaɓa tare shi yake fara yanke hukunci.

Na huɗu shi ne abin da ya taɓa gaskiyar wasan kanta, kamar caca da maguɗin kayan wasa. Wannan har gobe a hannun kwamishina yake, daga bincike har ƙara.

Yaya ake bin matakan, daga zargi zuwa hukunci?

Hukumar NFL tana buɗe bincike da jami'anta ko ta ɗauko lauyan waje. Ba ta da ikon sammaci irin na kotu, ba ta iya tilasta wa wanda ba ma'aikacin gasar ba ya ba da shaida. Abin da take da shi shi ne wajabcin ba da haɗin kai: ɗan wasan da ya ƙi amsa tambaya ko ya ɓoye hujja, wannan kaɗai laifi ne mai zaman kansa.

Idan zargin mai nauyi ne, ana iya sa ɗan wasa a jerin waɗanda kwamishina ya keɓe, wato ya zauna gida ana biyansa har a gama. Da aka yanke hukunci sai a aika masa a rubuce. Yana da kwana uku na aiki ya ɗaukaka ƙara. A zaman ƙara lauyoyin NFLPA suna kare shi, ana kiran shaidu, ana musayar takardun da za a dogara da su.

Ma'aunin hujja ba irin na shari'ar laifi ba ne. Ba a neman tabbacin da ya kore duk shakka, rinjayen zato ya wadatar. Sannan akwai ƙa'idar hukunci ɗaya: kulob da kwamishina ba za su hukunta ɗan wasa a kan abu guda ba, na kwamishina ne yake shafe na kulob.

Shin leƙen alamun abokan hamayya maguɗi ne?

Kallo da ido ba laifi ba ne, kowa yana yi. Laifin New England Patriots a Satumba 2007 shi ne kafa kyamara a gefen fili suna ɗaukar alamun hannu da kociyoyin tsaron New York Jets suke yi wa 'yan wasansu, bayan hukumar ta riga ta aika takardar gargaɗi a kan haka. Amfanin faifan shi ne a haɗa kowace alama da tsarin tsaron da ya biyo bayanta, idan aka sake haɗuwa an san abin da ke tafe.

An ci koci Bill Belichick tarar dala 500,000, kulob dala 250,000, aka kuma ƙwace musu zaɓin zagayen farko na ɗaukar sabbin 'yan wasa na 2008. Ba a dakatar da kowa ba. Abin da ya fi ɓata wa mutane rai shi ne hukumar ta lalata faifan da takardun da ta karɓa, har Sanata Arlen Specter na majalisar dattawan Amurka ya tsoma baki. Wannan kuskure ne babba, don ya sa babu mai iya tabbatar da girman abin ko ƙanƙantarsa. A 2008 aka ba ɗan wasan tsaro ɗaya damar sa rediyo a hularsa kamar yadda kwatabak, wato mai jefa ƙwallo da jagorantar hari, yake da shi, alamun hannu suka rage daraja.

Me ya faru a zancen rage iskar ƙwallo, kuma me ya sa har yau ake gardama?

Doka ta ce iskar ƙwallo ta kasance tsakanin 12.5 da 13.5 a ma'aunin matsin iska na psi. Kowane kulob yana kawo ƙwallo 12 da zai yi hari da su, alƙalin wasa ya auna su sama da awa biyu kafin a fara. Ƙwallo mai sassauci ta fi daɗin riƙo da cafewa, musamman cikin ruwa da sanyi.

A wasan kusa da na ƙarshe na 18 ga Janairu 2015, Patriots suka lallasa Indianapolis Colts da ci 45 da 7. Colts sun yi ƙorafi, aka auna ƙwallaye a hutun rabin lokaci. Goma sha ɗaya na Patriots duka sun faɗo ƙasa da ƙa'ida, tsakanin 10.5 da 12.3.

Ga inda aikin ya ɓaci. Iska tana tsukewa cikin sanyi. Ƙwallon da aka hura zuwa 12.5 a ɗaki mai ɗumin digiri 21, aka fita da ita filin da yake wajen digiri 9, za ta sauka da kanta zuwa wajen 11.4 ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Alƙalin bai rubuta lambobin da ya samu kafin wasa ba. Ma'auni biyu aka yi amfani da su, kuma suna saɓa wa juna da kusan 0.4. Ƙwallayen Colts huɗu kawai aka auna, su ma daga baya, bayan sun jima a ɗaki suna ɗumi. Saboda haka tazarar da ake faɗa a kanta 'yar kaɗan ce, kuma girmanta ya dogara da wane ma'auni aka yarda an yi aiki da shi tun farko.

Abin da ya ɗaure Patriots ba lambobin ba ne. Saƙonnin waya ne tsakanin ma'aikatan kayan wasa biyu, da hoton kyamara da ya nuna ɗayansu ya shiga banɗaki da jakar ƙwallayen na kimanin minti ɗaya da daƙiƙa 40. Rahoton lauya Ted Wells na Mayu 2015 ya ce zato mafi rinjaye shi ne da gangan aka rage iskar, kuma Tom Brady, kwatabak ɗin Patriots, yana da masaniya a dunƙule. Aka dakatar da Brady wasa huɗu, aka ci kulob dala miliyan 1, aka ƙwace zaɓin zagayen farko na 2016 da na huɗu na 2017. Daga baya ta bayyana Brady ya sa an lalata wayarsa a daidai lokacin ganawarsa da masu bincike. A ganinmu wannan wayar ta cuce shi fiye da iskar.

Ta yaya mutum zai yanke hukunci kuma shi zai saurari ƙarar hukuncin?

Sashe na 46 ya yarda kwamishina ya zauna a matsayin mai jin ƙara idan ya ga dama. Haka Goodell ya yi a shari'ar Brady, ya tabbatar da wasa huɗun a Yuli 2015. Alƙali Richard Berman na kotun tarayya a New York ya soke hukuncin a Satumba, yana cewa ba a sanar da Brady irin horon da laifin zai jawo ba, kuma an hana lauyoyinsa wani shaida da wasu takardu. A Afrilu 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da hukuncin, alƙalai biyu sun rinjayi ɗaya. Brady ya zauna wasa huɗun farko na kakar 2016, ya dawo ya ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar.

To me ya sa kotu ba ta duba ko ya aikata ko bai aikata ba?

Don ba aikinta ba ke nan a dokar ƙwadagon Amurka. Idan ma'aikata da masu ɗaukar aiki suka amince da hanyar raba gardamarsu, kotu ba ta sake auna hujja. Tana duba abu kaɗan ne: shin mai hukuncin ya tsaya cikin yarjejeniyar, ko kuwa son ransa ya bi? Ko ya yi kuskure wajen fahimtar abin da ya faru, wannan bai isa a soke ba. Ɗan wasa Adrian Peterson ya yi nasara a ƙaramar kotu a 2015, kotun sama ta juya a 2016. Ezekiel Elliott ya yi ta yawo tsakanin kotunan Texas da New York a 2017, ƙarshe ya zauna wasa shidansa.

Masu zagin Goodell su tuna NFLPA ta sa hannu a kan wannan sashe a 2011, ta kuma bar mafi yawansa a 2020. A teburin ciniki kowane abu da farashinsa, kuma yawancin 'yan wasa ba sa taɓa shiga hannun kwamishina, don haka kason kuɗi da rage wahalar atisaye sun fi damunsu.

An taɓa kayar da kwamishina kuwa?

An yi, amma lura da inda aka yi: duk lokacin da ya janye ya ba wani kujerar. A 2012 aka bankaɗo asusun New Orleans Saints da ake biyan lada ga wanda ya ji wa abokin hamayya rauni. Koci Sean Payton ya rasa kakar gaba ɗaya, kocin tsaro Gregg Williams aka dakatar da shi har sai abin da hali ya yi, manaja Mickey Loomis wasa takwas, kulob ya biya dala 500,000 ya rasa zaɓin zagaye na biyu sau biyu. An kuma dakatar da 'yan wasa huɗu, Jonathan Vilma kaka guda. Da matsin ya yi yawa Goodell ya miƙa ƙarar 'yan wasan ga Tagliabue, shi kuwa a Disamba ya soke horonsu duka, ya ɗora nauyin a kan kociyoyi da shugabannin kulob.

Na ɗan wasa Ray Rice ya fi muni. A Yuli 2014 wasa biyu kacal aka ba shi a kan dukan budurwarsa. Da faifan cikin lif ya fito a Satumba jama'a suka yi ca, sai aka mayar da horon ba iyaka. Tsohuwar alƙaliya Barbara Jones ta soke na biyun, don Rice bai ɓoye wa Goodell abin da ya yi ba, kuma ba a hukunta mutum sau biyu a kan laifi ɗaya don kawai duniya ta gani. Daga wannan abin kunya aka kafa wasa shida a matsayin mafarin horon dukan iyali.

Sabon tsarin 2020 ya rage masa ƙarfi?

Kaɗan. Jami'in ladabtarwa ne yake tantance abin da ya faru, kuma idan ya ce babu laifi magana ta ƙare. Amma idan ya samu laifi, kowane ɓangare yana iya ƙarar tsawon horon, ƙarar kuma gaban kwamishina ko wakilinsa take zuwa. A Agusta 2022 tsohuwar alƙaliya Sue Robinson ta ba Deshaun Watson wasa shida. NFL ta ɗaukaka ƙara, Goodell ya naɗa Peter Harvey ya saurara, kafin ya yanke aka sasanta a kan wasa 11 da tarar dala miliyan 5.

Ana iya dakatar da wanda kotu ba ta kama da laifi ba?

Ƙwarai. Ba a gurfanar da Ben Roethlisberger ba a 2010, amma an ba shi wasa shida da aka rage zuwa huɗu. Elliott da Watson ma ba a tuhume su a kotun laifi ba.

Nawa dakatarwa take ci wa ɗan wasa?

Kowane wasa yana cin kashi ɗaya cikin 18 na albashin shekara, tunda makon kaka 18 ne. Albashin tushe ake nufi, kuma nan wakilan 'yan wasa suke dabara. Kwantiragin Watson da Cleveland Browns dala miliyan 230 ne na shekara biyar, amma albashinsa na 2022 an sa shi dala miliyan 1.035, sauran aka ba shi a matsayin kuɗin sa hannu. Wasa 11 ɗin sun ci masa dala 632,500 ke nan. Kuɗin tarar cikin fili ba ya shiga aljihun hukumar, gidauniyoyin agaji ake ba, ciki har da na taimakon tsofaffin 'yan wasa.

Yaya dokar caca take, tunda yanzu kamfanonin caca abokan cinikin NFL ne?

Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke haramcin tarayya a 2018 caca ta koma cikin waya, hukumar tana karɓar kuɗin talla, amma ga ɗan wasa dokar ba ta sassauta ba. A 1963 Rozelle ya dakatar da Paul Hornung da Alex Karras kaka guda. A 2022 Calvin Ridley ya rasa kaka guda shi ma. Bayan gyaran Satumba 2023: caca a kan wasan NFL aƙalla shekara ɗaya, a kan kulob ɗinka aƙalla shekara biyu, sayar da wasa kora har abada. Ɗan wasa yana iya cacar wasu wasanni inda doka ta halatta, amma ba a harabar kulob ko a tafiyar aiki ba. Karon farko wasa biyu ne. Manhajojin caca suna nuna inda mai waya yake tsaye, ta nan ake kama su.

Ƙwayoyin ƙara kuzari fa?

Kowane mako na kaka kwamfuta tana zaɓo 'yan wasa goma daga kowane kulob a yi musu gwaji. Kamun farko da sinadarin gina tsoka wasa shida ne, kamar yadda ya faru da DeAndre Hopkins a 2022. Cewa ba ka san abin da ke cikin maganin da ka sha ba ba ya wanke ka, abin da aka samu a jikinka kai ke da alhakinsa. Wiwi kuwa tun 2020 gwajinta kaɗai ba ya jawo dakatarwa.

Masu kulob ma ana hukunta su?

Ana yi, sai dai hannu yakan yi sanyi. A 2022 Miami Dolphins sun rasa zaɓin zagayen farko na 2023 da na uku na 2024 saboda zawarcin Brady da Payton alhali suna ƙarƙashin wasu kulob, aka ci mai kulob Stephen Ross dala miliyan 1.5 aka dakatar da shi zuwa tsakiyar Oktoba. Atlanta Falcons sun biya dala 350,000 da zaɓin zagaye na biyar saboda sakin ihun ƙarya ta lasifika don rikita baƙi. Ƙwace zaɓi ya fi tara ciwo, domin matashin zagayen farko gwani ne mai araha na shekara huɗu ko biyar, tarar kuwa ga biloniya kuɗin goro ce.

Korar mai kulob ba ta hannun kwamishina. Sai masu kulob 24 cikin 32 sun amince. Dan Snyder na Washington an ci shi dala miliyan 60 a Yuli 2023, a ranar da takwarorinsa suka amince da sayar da kulob ɗin a kan dala biliyan 6.05.

Kwamishina yana iya soke sakamakon wasa?

A rubuce yana iya. Doka ta 17 ta littafin dokokin wasa ta ba shi ikon juya sakamako ko sa a maimaita wasa idan an yi rashin adalci da ya wuce misali. Ba a taɓa amfani da ita don canja sakamako ba. A Janairu 2019, bayan alƙalai sun kau da kai daga ƙeta bayyananniya a wasan Saints da Los Angeles Rams da ya hana Saints zuwa Super Bowl, magoya baya har kotu suka je suna neman a tilasta wa Goodell aiki da ita. Dokar da kanta ta cire kuskuren alƙalan wasa daga abin da take rufewa, Rams suka wuce wasan ƙarshe.